Kafin a kai Mustang ko Challenger wurin mai walda a yanke mata salansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu motocin nan na Amurka masu ƙaton inji, irin su Ford Mustang, Dodge Challenger da 'yar'uwarta Charger, da Chevrolet Camaro. Sun fara yawa a titunan Abuja da Kaduna da Kano, wasu 'yan Kwatano, wasu an sauke su a Legas. Abin da ya dame mu shi ne, da zarar mota ta shigo hannu, tun kafin a canza mata baƙin mai, sai a garzaya da ita wurin mai walda a yanke tukunyar salansa, a fasa indomi, wato tukunyar da ke tace gubar hayaƙi, a zura bututun da aka samu a kusa. Motar za ta yi ƙara, babu shakka. Amma kafin wata ya zagayo fitilar cek injin ta kama, warin ɗanyen mai ya cika cikin mota, kuma mai ita ba ya iya tuƙa ta daga Kano zuwa Zariya ba tare da kansa ya yi ciwo ba. Sauya salansa a waɗannan motoci aiki ne mai kyau idan an yi shi da lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya.

A fara da sanin injin da ke cikin motar. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su masu silinda shida ne, ko ma huɗu, an manna musu tambarin manyan. Harafi na takwas a lambar jikin mota, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, shi ke faɗin gaskiya. A Dodge, G yana nufin silinda shida mai lita 3.6, T yana nufin Hemi, injin Dodge mai silinda takwas, mai lita 5.7, J kuma mai lita 6.4. Wannan yana da muhimmanci domin babu tukunyar da za ta sa silinda shida ya yi gurnanin silinda takwas. In aka buɗe masa salansa da yawa, ƙarar da yake yi siririya ce mai tsaga kunne, kamar an kwance salansar babur. Mai irin wannan mota ya tsaya a kan sauya tukunyar baya kawai, ya bar sauran yadda kamfani ya yi.

Ga yadda hayaƙi ke tafiya a mai silinda takwas. Yana fita daga kan inji ya shiga manifol guda biyu, wato ƙarafan da ke tattara hayaƙin silindoji, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga nan ya bi ta indomi, wato tukunyar da ke tace guba. Sai bututun tsakiya inda hannun dama da na hagu suke haɗuwa, sai rezoneta, wato ƙaramar tukunyar da ke rage gunji, sai tukunyar baya, sai bakin wutsiya da ake gani a ƙasan bamba. Masu sayar da kaya sun kasa aikin gida uku. Aksil-bak shi ne tukunyar baya da wutsiya kaɗai. Yana canza murya, ƙarfi kuwa kusan ba ya ƙaruwa. Kat-bak yana ɗaukar komai daga bayan indomi har wutsiya. Murya za ta canza sosai, ƙarfi kuma da wuya ya ƙaru da fiye da doki 10 zuwa 15 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji) a motar da ba a taɓa injinta ba. Na uku shi ne cire manifol a sa heda, wato bututai huɗu a kowane gefe, kowane silinda da nasa. A nan ne ake samun ƙarfi na gaske, a nan ne kuma wahala da kashe kuɗi suke. Wanda murya kawai yake so, kada ya taɓa gaban indomi.

Batun faɗin bututu shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Akwai maganganu biyu da ke yawo a garejoji, dukkansu kuskure. Wasu na cewa inji yana son a ɗan toshe masa hayaƙi don ya yi ƙarfi. Wasu na cewa duk yadda bututu ya ƙara faɗi, haka ƙarfi ke ƙaruwa. Abin da inji ke buƙata shi ne hayaƙi ya fita da gudu ba tare da ya tarar da cikas ba. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo. A dunƙule yake fita, bugu bayan bugu. Kowane bugu da ya wuce da gudu yana barin wani ɗan gurbi a bayansa, gurbin nan kuma yana zuƙo hayaƙin silindar da ke biye, har ya taimaka wajen janyo sabuwar iska da mai. In bututu ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin sai ya baje, ya huce, gudunsa ya ragu, zuƙar nan ta ɓace. Mai mota zai ji ta yi nauyi wajen tashi daga danja, ko da yake tana ƙara kamar za ta tsaga ƙasa. In kuma bututun ya matse, sai fistin ya riƙa ɓata ƙarfinsa wajen tura hayaƙi waje idan an taka totur har ƙasa.

Ƙiyasin da masu gina injin tsere ke aiki da shi yana da sauƙin riƙewa. Bututu biyu masu inci 2.25 suna ɗaukar hayaƙin doki kusan 370. Biyu masu inci 2.5 suna ɗaukar kusan 460. Biyu masu inci 3 suna kaiwa wajen 680. A lura, tsakanin inci 2.5 da inci 3 rabin inci ne kawai a ido, amma filin da hayaƙi ke bi ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. To, a auna da motocin da ke hannu. Challenger R/T mai lita 5.7 doki 375 gare ta, inci 2.5 ya ishe ta har da saura. Mustang GT mai lita 5.0 ta 2015 tana da doki 435, ta 2018 tana da 460, Camaro SS ta 2016 tana da 455. Waɗannan suna kan iyaka, inci 2.5 ko 2.75 ya yi musu, inci 3 kuma sai ga wanda ya sa heda ko yake shirin ƙara wa inji ƙarfi. Manyan samfuran Dodge, wato Scat Pack mai doki 485 da Hellcat mai 707, sun fito daga kamfani da inci 2.75, saboda haka wanda ya sa musu inci 2.5 ya mayar da hannun agogo baya.

Faɗi kaɗai bai isa ba, sai an duba lanƙwasa. Injin lanƙwasa na gama-gari yana matse bututu a kwana, ya bar masa tamoji ta ciki, inci 3 ya koma kamar 2.5 a daidai wurin. Kayan kirki ana lanƙwasa su ne da wani ƙarfe a zure a ciki, ana ce masa mandirel, wanda ke hana bututu motsewa. A shafa hannu a kan kwanar: in sumul take, faɗinta ɗaya da miƙaƙƙen wuri, an yi aiki. Bututu mai inci 2.5 da aka lanƙwasa haka ya fi mai inci 3 da aka murƙushe. Mafi muni shi ne abin da muke gani kullum, a yanka bututu gunduwa-gunduwa da zarto a liƙe da waldar kabaid, narkakken ƙarfe ya zubo ta ciki ya tsaya kamar haƙora a hanyar hayaƙi.

Bututun tsakiya iri biyu ne, mai siffar H da mai siffar X. Dalilin haɗa hannu biyun shi ne, a yawancin waɗannan injuna silindar ba sa tashi dama, hagu, dama, hagu a jere. Akwai inda biyu na gefe ɗaya ke tashi a jere da juna, hayaƙi ya cunkushe a hannu ɗaya alhali ɗayan yana hutawa. Wannan rashin daidaito shi ne ma asalin gurnanin da ake so. Haɗin yana ba hayaƙi damar tsallakawa. Mai siffar H yana ba da murya mai kauri irin ta motocin shekarun 1960. Mai siffar X muryarsa ta fi kaifi, ya ɗan fi shi idan inji ya yi sama. Bambancin ƙarfinsu doki kaɗan ne, a zaɓa da kunne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a raba hannu biyun gaba ɗaya, kowa ya tafi shi kaɗai har wutsiya.

Tukunyar baya ma iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna a ciki, inda hayaƙi ke karo da bangaye yana zagayawa, irin wadda Flowmaster ya yi suna da ita. Muryarta mai kauri ce da amsa-kuwwa. Akwai miƙaƙƙiya, bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, irin ta MagnaFlow da Borla. Hayaƙi ya fi wucewa a cikinta, muryarta ta fi laushi a ƙasa. Ta jabu takan yi daɗin ji a watan farko, daga baya audugar ta ƙone ta fice ta wutsiya, a bar mutum da gwangwani.

Yanzu ga abin da ke sa mutane da-na-sani, wanda ba a jin sa a gareji lokacin da ake taka totur ana tafi. Shi ne wani gunji mai cika kai da ke tashi a cikin mota idan ana tafiya a kan babbar hanya, inji yana juyi 1,500 zuwa 2,200 a minti. Silinda takwas yana bugu huɗu a kowane juyi, don haka a juyi 1,800 yana bugu 120 a daƙiƙa. Wannan amo yana dacewa da tsawon bututu da girman cikin mota, sai su riƙa amsa wa juna, kujera da dashbod su ɗauki rawa. Rezoneta da kamfani ya sa, wadda ake rainawa a yanke, aikinta ke nan. Wanda zai yi doguwar tafiya da iyali ya bar ta, ko ya sayi kayan da aka ƙera don kashe gunjin, kamar na Corsa. Wanda ya riga ya yanke yana da magani: a haɗa wani reshen bututu mai toshashshen ƙarshe a gefen kowane hannu, a lanƙwasa shi ya bi tsawon mota. Amo yana shiga ya dawo a daidai lokacin da zai kashe na bayansa. Ga bugu 120, tsawon reshen yana faɗawa tsakanin santimita 70 da 90. A fara da dogo, a sa masa murfin da ke zamewa, a gwada a kan hanya, a rage kaɗan-kaɗan har gunjin ya kwanta, sannan a liƙe.

Masu Hemi mai giyar otomatik su ƙara kula. Injin 5.7 da 6.4 suna kashe silinda huɗu da kansu idan ana tafiya a hankali domin tattalin mai, haka ma Camaro SS mai otomatik. Da salansar kamfani ba a jin canjin. Da buɗaɗɗiyar salansa kuwa, motar takan koma wata irin ƙara mai karkarwa kamar jirgi mai saukar ungulu, mai ita ya ɗauka inji ne ya lalace. Haka kuma sababbin suna da bawul a cikin bututu da ke buɗewa da rufewa: Scat Pack da Hellcat daga 2015, Mustang daga 2018 ga wadda aka saya da shi, da wasu Camaro. A leƙa ƙasa tun kafin a yi oda. In an ga ɗan injin lantarki da waya a jikin bututu kusa da tukunya, to a sayi kayan da ke da mazaunin bawul ɗin, a mayar da shi. Cire wayar a bar ta tana reto yana iya sa kwamfutar mota ta riƙa ajiye lambar matsala.

A kan indomi, ra'ayinmu ɗaya ne: a bar ta. A cikinta akwai saƙar tangaran da aka shafe da filatinam da faladiyam da rodiyam, tsadar waɗannan ƙarafa ce ta sa ake zuga masu mota su cire, mai cirewa ya sayar. Tun 1975 motocin Amurka ke fitowa da ita, kuma dokar tarayya a can ta haramta cire ta daga motar da ke hawa titi. Indomi mai lafiya ba ta cin ƙarfin da za a ji a ƙafa. Akwai sansa, wato 'yar na'urar da ke auna hayaƙi, ɗaya a gabanta mai gaya wa kwamfuta yawan man da za ta zuba, akwai ɗaya a bayanta mai duba ko tana aiki. In aka fasa ta, sai lambar P0420 ko P0430 ta fito, fitilar cek injin ta zauna a kunne, ranar da wata matsala ta gaske ta taso kuma babu mai sani. Ga iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga ta ramukan but ta kashe mutum yana zaune da gilashi a rufe. In indomin ta toshe da gaske, a nemi dalili tukuna. Galibi fulogi ne ko kwail ya mutu, ɗanyen mai ya gangara ya ƙone a cikinta ya narkar da saƙar. A gyara wannan, sannan a sa sabuwa. Akwai masu faɗin ƙofa, masu huji 200 zuwa 300 a kowane inci murabba'i, ga wanda ya ƙara wa inji ƙarfi.

Heda gajere yana shiga mazaunin manifol ba tare da an motsa indomi ba, ribarsa kaɗan ce. Dogo shi ne mai ba da doki 20 zuwa 30, amma sai an sake wa kwamfuta saiti, an ƙara wa wayoyin sansa tsawo, an matsar da indomi baya. Bututansa inci 1 da uku bisa huɗu sun dace da injin da bai wuce lita 5.7 ba kuma ba a taɓa shi ba, inci 1 da bakwai bisa takwas ga manya da masu juyi sama. Wajen saiti akwai tarko. Yawancin wanda ake sayarwa daga Amurka an yi shi ne don fetur mai lambar inganci 91 ko 93 a ma'auninsu, wanda ya yi daidai da kusan 95 da 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan. Fetur ɗin gidajen mai namu ba ya kaiwa haka. A nemi saitin lamba 87, in ba haka ba inji zai riƙa ƙwanƙwasa a ranar zafi, abin da ke fasa fistin ke nan. Dogon heda kuma yana saukowa ƙasa. A auna tazararsa da kwalta, a tuna da tudun rage gudu da ramukan unguwa. Zafinsa yana gasa kik da wayoyin da ke kusa, don haka a sa garkuwar zafi. Wanda aka shafe da tangaran tun daga kamfani ya fi wanda aka naɗe da ƙyallen zafi, domin ƙyallen yana riƙe damshi, ƙarfe ya ci ya tsage. Mai Hemi 5.7 ya shirya tarar da notin manifol a karye a cikin kan inji. Sananniyar cuta ce, ita ce ke sa ƙas-ƙas da safe har inji ya ɗumama.

Ƙarfen da aka yi kayan da shi iri uku ne. Baƙin ƙarfe mai rufin alminiyam shi ne mai araha, yana fara tsatsa daga wurin walda. Sai ƙarfe mara tsatsa lamba 409, wanda kamfanoni ke amfani da shi. Yana yin ja a sama amma ba ya hujewa da wuri. Sai lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, mai tsada, wanda zafi ke mayarwa ruwan zinariya. A tafi da mayen ƙarfe a aljihu: yana kama 409 da ƙarfi, 304 kuwa ba ya kama shi sai ɗan kaɗan a wurin lanƙwasa. A busasshiyar ƙasa irin Arewa, 409 ya wadatar. Kauri kada ya gaza milimita 1.5, siriri yana kuka kamar kwano.

Wajen ɗaurawa, a bar mota ta huce sarai, a fesa wa notuna man kwance tsatsa tun daren jiya, a ɗora ta a kan rami ko ƙafafun ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. In za a yi walda, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki. Ƙarfe 304 waldar agon yake so da sandar 308L, in za a haɗa shi da baƙin ƙarfe kuma 309L. A rataya dukkan kayan sako-sako daga gaba zuwa baya, a daidaita bakin wutsiya a tsakiyar ramin bamba, sannan a bi ana ɗaurewa daga gaba. A bar tazarar aƙalla yatsa biyu tsakanin bututu da tiyon mai, tiyon birki, tanki da robar bamba, domin bututu mai mita 3 yana ƙara tsawon kusan santimita ɗaya da rabi idan ya yi zafi. Robobin rataya da suka tsufa a canza su, su ne ke sa bututu ya riƙa dukan bodi. Gasket sabo kawai, kada a shafa gam ɗin silikon a gaban sansa, tururinsa yana kashe ta. Sansar ana kwance ta da sifana lamba 22, a shafa wa zarenta ɗan man hana kamewa ba tare da ya taɓa kanta ba, kuma in an huda mata sabon mazauni, ya kasance a saman rabin bututu don kada ruwan da ke taruwa da safe ya zauna a kanta.

Bayan an gama, a nemi yoyo. Tun bututu yana da sanyi a hura iska ta wutsiya, a shafa ruwan omo a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Yoyon da ke gaban sansar farko shi ne mafi illa, domin yana zuƙo iska daga waje, sansa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara zubawa, lambar P0171 ko P0174 ta fito, fulogi ya yi baƙi, indomi ta cika da ɗanyen mai. A tuƙa motar ta yi zafi ta huce sau uku ko huɗu, a koma a sake ɗaure notunan heda da maƙalai, a duba ko akwai baƙin toka a bakin wata mahaɗa.

Saura maƙwabta. Jihar Kalifoniya ta sa wa ƙananan motoci iyakar ƙara ta desibel 95 a ma'aunin sauti, kuma masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta kai 85 tana cutarwa idan aka daɗe a cikinta. Waɗannan injuna sun fi ƙara a minti na farko bayan an tayar da su da sanyi, domin kwamfuta tana ɗaga juyi don ta ɗumama indomi. Mai fita da asuba a unguwar da gidaje ke manne da juna, da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, ya sayi kayan da ke da bawul, ya rufe shi har sai ya hau babban titi.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu kanikawa da masu waldar salansa,
Kano.